Gishirin da Ke Ƙarƙashin Motocin Alhaji Isuhu

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da na sa hannu a takardar motocin Alhaji Isuhu ba tare da bayana ya taɓa ƙasa ba. Ku da kuka zo kwanan nan kuna ganin na cika faɗa a kan duba ƙarƙashin mota. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ina shekarata ta farko a kamfanin nan. Kafin in zo Guangzhou na yi shekara goma sha ɗaya ina kanikanci a Kano, wajen Ƙofar Ruwa. Ba yabon kai ba, in mota ta yi tari daga nesa ina iya gaya maka abin da ke damunta. Wannan kunnen ne ya sa Mista Chen ya ɗauke ni, shi da muke kira Lawban, wato maigida da Sinanci. Shi kuma kunnen nan ne ya sa kaina ya kumbura har hula ta fara yi mini kaɗan.

Ga wanda bai san tsarin ba, motar hannu ba ta hawa jirgin ruwa sai ta bi ta hannu uku. Ofis ya tantance takardunta. Mai duba lafiyar mota, wato ni a lokacin, ya duba ya sa hannu. Daga nan sai ɓangaren wanki da feshi su gyara ta, a kai ta tashar jiragen ruwa ta Nansha. Sa hannun mai dubawa shi ne ke sa a kama wa mota wuri a jirgi. In ka sa hannu, ka ce ke nan a gaban Allah da mutane motar nan lafiyarta ƙalau.

Shugabar ɓangaren wanki da feshi wata dattijuwa ce da muke kira Inna Wang. Gajeruwa ce, ta haura hamsin, kullum da gorar shayi a hannu da 'yar ƙaramar guduma a soke a ƙugu. Ba 'yar Guangzhou ba ce. Daga can ƙarshen arewacin China ta fito, kusa da iyakar Rasha, inda ta ce in ka watsa ruwan zafi sama sai ya sauko gari. Ni dai a lokacin kallon mai wanki nake mata. Muna gaisawa da guntun Sinancina, in magana ta yi tsawo mu sa waya ta fassara.

Shi kuwa Alhaji Isuhu Badamagare ne. Ya daɗe yana zuwa sayen tufafi a kasuwar Baima da jakunkuna a Shiling, sai a shekarar ya ƙudura zai buɗe harkar sufuri tsakanin Damagaram da Maradi. A wani gidan abinci a unguwar Dengfeng muka haɗu. Da ya ji Hausata sai ya ajiye cokali ya dube ni.

"Bakano ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Bakano ne."

"Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar. "Allah ya haɗa ni da bawana a ƙasar China. Tashi ka kawo mini ruwa."

Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa sai wasa. Na kawo masa ruwan, na ce ya sha a hankali, don na ji ana cewa a garinsu sai da layi ake ganinsa. Daga ranar muka saba.

Bas biyar ya samo, irin masu ɗaukar mutum goma sha tara. Ba ta hannunmu ya saya ba. Wani dillali ya samu a waya, yana ta alfahari cewa ya tsallake Kanawa ya sayi kaya da araha. Abin da yake so a wurinmu dubawa ne kawai da takardun fita.

Ranar wata Juma'a a watan Maris aka shigo da su, bayan na dawo daga masallaci. Farare tas, suna sheƙi kamar ba a taɓa hawa ba. Watan Maris kuwa kun san halinsa a garin nan: iska ta jiƙe, bango yana gumi, madubi yana gumi, tufafin da ka shanya ya kwana uku bai bushe ba. Filin ajiye motoci ya yi damshi, ni kuma ina sanye da sabuwar shadda ruwan sararin samaniya da matata ta aiko mini daga gida. Injin ɗaga mota guda ɗaya muke da shi a lokacin, an ɗora wata babbar mota a kai an kwance mata giya.

Na tayar da kowace bas na saurara. Injuna lafiya. Na gwada giya, na gwada birki a cikin fili, na duba wuta da tayoyi. Da na zo kan ƙarƙashi sai na ɗan rusuna, kamar mai gaida surukin da ba ya so, na haska da fitilar waya. Na ga baƙin feshi sabo fil yana ƙyalli.

Na ce, "Alhaji, ka yi sa'a. Har feshin ƙasa an yi musu."

Ya ce, "Sa'a ko ido? Ku Kanawa kun ɗauka ku kaɗai kuka iya ciniki."

Na sa hannu a takarda biyar. Ofis ya kama musu wuri a jirgin da zai rufe karɓar kaya ranar Laraba.

Ranar Litinin da safe na shigo na tarar da Inna Wang a tsugune gefen bas ɗin farko. Ba motar take kallo ba, ƙasa take kallo. Ta yafito ni. A ƙarƙashin sauran motocin da ke filin siminti ya ɗan yi damshi ne kawai. A ƙarƙashin na Alhaji kuwa ɗigo ne a jere, launin shayin da ya sha ganye.

Ta ce in kawo mata koren littafi. Shi ne littafin rajistar mota a nan, duk inda ta taɓa zama a rubuce yake ciki. Harafin farko na lambar mota a China yana nuna jihar da aka yi mata rajista. Ta ɗora yatsa a kan harafin tsohuwar lambar, sannan ta nuna ƙirjinta. Motocin jiharsu ne.

Ta yi magana mai tsawo a waya, wayar ta juya mini. A garinsu, in ji ta, dusar ƙanƙara na rufe hanya wata da watanni. Don kada motoci su riƙa sulɓewa, hukuma na bi da manyan motoci tana watsa gishiri a kan kwalta, shi ke narkar da ƙanƙarar. Taya ta kwashi ruwan gishirin ta fesa wa ƙarƙashin mota. Ya shiga kowane lungu, ya maƙale, ya yi ta cin ƙarfe shekara da shekaru.

Na yi dariya. Na ɗauka wayar ce ta rikice. Gishiri a kan titi? Na sa ta maimaita.

Ba ta maimaita ba. Ta zaro gudumarta, ta miƙa hannu ƙarƙashin motar, ta sa bakin gudumar ta ɓanɓaro baƙin feshin nan da na yaba. Ya taso kamar ƙanzo a gindin tukunya. Abin da ke bayansa ja ne jawur, yana zubowa kamar garin barkono. Tsatsa ce, an bi ta da fenti an rufe, ko wankewa ba a yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwar mini ba lafiyar fasinja ba ce, sa hannuna ne. Na ce mata Nijar ƙasa ce busasshiya, in motocin suka isa can tsatsar za ta tsaya. Mu ƙara feshi a kai mu rufe maganar.

Ta girgiza kai. Ta ce, "Bushin." Wato ba zai yiwu ba. Ta nuna ofishin Lawban, ta nuna ni, sannan ta nuna kanta. Ko babu waya na gane: ko in je da ƙafata, ko ita ta je.

Na je. Lawban yana haɗa shayi a 'yan kofunan nan nasu da ba su fi murfin kwalba ba. Ya saurare ni har na gama. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ka ɗaga su?"

Na ce, "Meyo." A'a ke nan.

Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya jawo takardun biyar, ya ja layi a kan sa hannuna ɗaya bayan ɗaya, ya tura mini kofin shayi. Ya ce in kira ɗan garinmu in gaya masa da bakina. A wurin Lawban duk mai jin Hausa ɗan gari ɗaya ne, na yi ta bayani har na gaji.

Alhaji ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya cikin farar babbar riga, yana ƙamshin turare. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya gyara hula.

"Bakano, gishiri fa ka ce?"

"Gishiri, ranka ya daɗe."

"Ni za ka gaya wa gishiri? Kakana da raƙuma yake zuwa Bilma ɗauko shi, wata guda a cikin rairayi, wani ya dawo wani bai dawo ba. Shi ne za ka ce akwai ƙasar da ake ɗebo shi a zuba wa titi? Titin miya ne?"

Na ce haka abin yake.

"Ranar Juma'a kai ka ce na yi sa'a. Yau Litinin sa'ar ta zama tsatsa. Na san ku. Kun ga ban saya a hannunku ba, kuna so ku ƙirƙiro aiki. Bato zai rufe jibi, bizata saura kwana tara. Ka sa mini motoci a bato."

Bato shi ne jirgin ruwa a bakinsu. Na ce, "Alhaji, ranar Juma'a ban duba ƙasa ba. Rusunawa na yi, saboda ina tsoron ɓata shaddata. Laifina ne, ba na kowa ba."

Wannan ya ɗan tsayar da shi, don bai taɓa jin Bakano ya amsa laifi ba, in ji shi daga baya. Amma bai sauko ba. Ya ce ko da akwai gishirin, ai tsatsa sai da ruwa, shi kuwa garinsu ruwan sama wata uku ne.

Inna Wang tana gefe tana kurɓar shayi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta gane gardama ake. Ta tafi ta jawo wani babban kwali, ta shimfiɗa a ƙarƙashin bas ɗin, ta dubi Alhaji ta buga kwalin da tafin hannu, kamar yadda ake kiran yaro ya zo ya kwanta.

Alhaji ya dube ni. "Me take nufi?"

"Cewa take ka shiga ka gani."

"Ni?"

"Sai dai in Damagarawa ba sa iya sunkuyawa."

Wannan maganar ce ta kwantar da shi. Ya cire hula ya miƙo mini, ya tattare riga, ya yi bisimilla, ya zura kai. Na kwanta ta ɗaya gefen da tocila, Inna Wang ta shiga ta gaba. Mu uku a ƙarƙashin mota kamar masu neman kazar da ta ɓuya.

Ta ɓanɓaro masa feshin. Ta nuna masa wani farin abu da ya taru a lungun shasi, wato ƙarfen da duk jikin mota ke zaune a kai. Alhaji ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya kai harshe. Ya tofar.

"Gishiri ne," ya ce a hankali. "Mugun gishiri kuma, mai ɗaci. Ko akuya ba ta lasar wannan."

Sai ya shafa ƙarfen, ya dubi tafinsa a jiƙe. Can ya ce, da damina a ɗakin ajiyar mahaifinsa, ko ɗigon ruwa bai shiga ba sai ka ga kantun gishiri yana zufa, ƙofar ƙarfen ɗakin kuwa duk shekara biyu sai an sauya. Gishiri ba ya jiran ruwan sama, shi ke jawo nasa ruwan daga iska. Ban gaya masa wannan ba, shi ya gaya mini. Abin da na ƙara kawai shi ne motocin za su yi sama da wata a kan teku, su kuma zauna a tashar Lome kafin a fitar da su.

Inna Wang ta ja hannun rigarsa. Ta haska wani siririn bututu da ya bi gefen shasi zuwa tayoyin baya, ta ɗan danna shi da bakin guduma, dannawar da ba ta kai ta fasa ƙwai ba. Sai ga mai yana tsattsafowa.

"Wannan na mene ne?"

Na ce, "Bututun man birki ne, Alhaji."

Ranar Juma'a na taka birkin nan a fili ya kama. A fili, ba kaya, ba gudu. Alhaji ya daɗe yana kallon ɗigon man. Muryarsa ta sauya.

"Ɗana Mamman ne zai ja ta farko," ya ce. "Na riga na yi masa alkawari. Da mutum goma sha tara a bayansa."

Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige, don sa hannuna ne ya kusa ɗora yaron nan a kan wannan bututu.

Fitowa ce ta zama aiki. Shiga da zuciya aka yi, fita kuwa sai da dabara, ga tumbi ga babbar riga ta maƙale a wani ƙarfe. Ni na kama ƙafa ɗaya, Inna Wang ta kama ɗaya, muka jawo shi a kan kwalin kamar buhun gero. Ya miƙe, farar rigar nan ta koma taswirar duniya. Ya karɓi hularsa ya ce, "Bakano, in labarin nan ya isa Damagaram, na san bakin da ya kai shi." Ban kai ba. Ku nake ba wa, ku kuma ba Damagaram za ku ba.

Da yamma aka sauke babbar motar daga kan injin ɗagawa, muka ɗaga bas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Inna Wang tana bi da guduma tana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kabewa. Huɗu za su gyaru. Ta biyar, gudumar shigewa ta yi cikin shasin har wuya. Lawban ya kira dillalin, suka yi ta Sinancin da ban tsinci komai a ciki ba sai sunan Alhaji, washegari aka zo aka janye motar.

Hukuncina kuwa, Lawban ya ce in ajiye biro in zama ɗan aikin Inna Wang har a gama. Kwana goma sha biyu na yi a ƙarƙashinta, kuma a nan na koyi abin da nake koya muku yanzu. Da farko a kankare tsohon feshin gaba ɗaya. A wanke da ruwan zafi mai ƙarfi, ba sau ɗaya ba, a zura bakin tiyo cikin ramukan shasi har ruwan da ke fitowa ya daina ɗanɗanon gishiri. Eh, ɗanɗanawa take sa ni yi. A busar sosai. A damshin watan Maris sai da muka shigar da su ɗakin gasa fenti. A bi da burushin waya, a shafa maganin da ke kashe tsatsa ya mai da ita baƙa, a yi fenti, sannan a fesa kaki mai laushi a cikin ramuka da lunguna inda hannu ba ya kaiwa. Bututun birki da na mai kuwa ba a lallaɓa su, sababbi ake sawa. Dokarta guda ce, ta sa na haddace da Sinanci: ba a feshi a kan gishiri. Wanda ya yi haka ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki ya tafi da makulli.

Jirgin Laraba ya tafi ba mu. Bizar Alhaji ta ƙare motocinsa suna rataye ba tayoyi. Ranar da zai tafi ya zo filin, ya tsaya yana kallona cikin kayan aiki, fuskata duk baƙin mai.

"Dubi abin da duniya ta zama," ya ce. "Zan bar dukiyata a hannun Bakano in hau jirgi."

Na ce, "Ba a hannuna take ba, a hannun Inna take."

"Shi ya sa zan iya barci."

Ya juya wurinta, ya dafa ƙirji, ya rusuna sosai, ya yi mata godiya da Sinanci, ya ce, "Shiye-shiye, Hajiya." Ta tambaye ni ma'anar Hajiya. Na ce babbar mace mai daraja. Ta ce in gaya masa ya rage cin shinkafa.

Kullum sai na ɗauki bidiyon aikin na tura masa, shi kuma ya dawo mini da saƙon murya na minti biyar, minti huɗu zagin Kanawa, minti ɗaya addu'a. Motocin huɗu suka bi jirgi na gaba, suka isa lafiya. Har yau suna kan hanya, Mamman ya ja tasa har ya zama shi ke kula da sauran direbobi. Wani ɗan Maradi da ya zo nan bara ya ce mini yanzu a tashar Damagaram ba mai iya sayar da mota in Alhaji Isuhu yana kusa. Sai ya sa a kawo tabarma, ya shige ƙarƙashi, ya fito yana ba mutane labarin ƙasar da ake zuba wa titi gishiri. Rabin tashar sun ɗauka ƙarya yake.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne, amma ya riƙe ni. Mota tana zuwa da garin da ta fito a jikinta, kuma ba kowane gari ka sani ba. Ni na san abin da rana da ramukan titi ke yi wa mota, ban san abin da sanyi ke yi mata ba, matar da nake wa kallon mai wanki kuwa a cikinsa ta girma. Saboda haka in mota ta shigo, ku buɗe koren littafi ku ga inda ta zauna. In ba ku san wurin ba, ku nemi wanda ya sani, ko da shi ne mai share filin. In kun ga ƙasan tsohuwar mota ya fi samanta kyau, ku ƙara zargi. Kuma ku tuna, masu hawa motar nan ba za su taɓa ganin ƙarƙashinta ba. Mace mai goyo za ta shiga, ta ce bisimilla, ta jingina kai ta yi barci. Ku kaɗai ne za ku gani a madadinta, don haka ku kwanta ku gani da kyau.